Kalmar "spam" ta akwatin imel, daga ina ta fito?

Dan_Fagge82:
Assalamu alaikum jama'ar zaure. Gardama ce ta kaure tsakanina da maƙwabcina jiya da daddare a teburin mai shayi, har shayina ya huce ban sha ba. A kan kalmar nan "spam" da muke gani a imel, wurin da ake jibge saƙonnin da mutum bai nema ba. Shi ya dage cewa taƙaitawa ce, kowane harafi yana tsaye a madadin wata kalma, kamar NEPA ko JAMB. Ni kuma na taɓa ji a rediyo shekarun baya cewa sunan wani abinci ne. Da na faɗa sai ya bushe da dariya, wai me ya haɗa kifi da kaska. Gaskiya na rasa amsar da zan ba shi. Mun yi da shi duk wanda bai yi daidai ba shi zai biya shayi da ƙwai na duk teburin ranar Juma'a, kuma mu tara ne. Masana ku cece ni.

UmmuHanifa:
Wa alaikumus salam. Ni fa duk tsawon shekarun nan na ɗauka "spam" da "scam" abu ɗaya ne, bakinmu ne kawai ke juya su. Sifam, sikam. Bari in gyara zama in sha karatu.

Bala_MaiKafe:
Dan_Fagge, tanadi kuɗin ƙwai. Maƙwabcinka ne da gaskiya. Lokacin da na yi kwas ɗin kwamfuta an rubuta mana a allo: Stupid Pointless Annoying Messages. Wato saƙonnin shirme marasa amfani masu ban haushi. Ɗauki harafin farko na kowace kalma ka gani. Na yi shekara shida ina riƙe da kafe, haka na koya wa duk yaran da suka zauna a wajena.

Malamin_Turanci:
Malam Bala, a yi haƙuri, wanda ya rubuta muku a allo shi ma ji ya yi. Irin wannan fassarar ana ƙera ta ne bayan kalma ta riga ta yaɗu, sai wani mai wayo ya zauna ya nemo kalmomin da suka dace da haruffan. Shi ya sa za ka ji ta iri-iri, wani ya ce haruffan na nufin talla da kasuwanci, wani ya ce wani abu dabam. Da asali ce ai ɗaya za a samu.

Abin da Dan_Fagge ya ji a rediyo shi ne daidai. SPAM sunan naman gwangwani ne da kamfanin Hormel na garin Austin a jihar Minnesota ta Amurka ya fito da shi a 1937. Niƙaƙƙen nama ne da gishiri da ɗan sukari, a matse shi cikin gwangwani mai kusurwa huɗu, kamar dai kwambif da muka sani. Bambancin shi ne wannan na alade ne.

Yar_Gidan_Liman:
Innalillahi! Ashe kullum da safe gwangwanin alade nake buɗewa a wayata ban sani ba.

Dan_Fagge82:
Hahaha Hajiya, ai kina buɗewa ne ki zubar. Malam na gode, amma tambayar maƙwabcina tana nan daram. Naman gwangwani a Amurka, saƙon talla a imel. Ina hanyar da ta haɗa su? In na je masa da rabin labari zai ce na ƙirƙira.

Tsohon_Injiniya:
Bari in sa baki, don wannan labari ne da nake so. Hanyar ta bi ta Ingila ne, kuma ta bi ta wasan barkwanci.

A yaƙin duniya na biyu, wanda iyayenmu ke kira yaƙin Hitila, Amurka ta yi ta lodin wannan nama a jiragen ruwa zuwa wajen sojojinta da ƙawayenta, Ingila da Tarayyar Sobiyet. Ba ya lalacewa, ba ya buƙatar firji, ga araha. A Ingila kuwa nama ya yi wuya, da kati ake rabon abinci, kuma ba a daina rabon nama da kati ba sai 1954, shekara tara bayan an gama yaƙin. To duk yaron da ya tashi a wannan zamani ya ci SPAM har ya gundure shi, a gida a ci, a makaranta a ci. Kamar ɗan makarantar kwana da garau-garau.

Waɗannan yaran ne suka girma suka zama 'yan wasan barkwanci da ake kira Monty Python. A watan Disamba na 1970 BBC ta nuna wani ɗan gajeren wasansu, bai kai minti huɗu ba. Miji da mata sun shiga gidan abinci, suka tambayi abin da ake da shi. Mai abincin ta fara jero musu: ƙwai da spam, ƙwai da tsiran nama da spam, spam da ƙwai da spam da spam, tana tafiya sunan yana ƙara yawa har ya cinye jerin. Matar ta ce ita ba ta cin spam, a ba ta wani abu da babu shi a ciki. Babu. A sauran teburan kuma ga wasu ƙarti sanye da kayan mayaƙan Baikin, maharan nan na arewacin Turai, da huluna masu ƙaho. Da zarar an ambaci sunan sai su ɗauki waƙa, kalmar kawai suke maimaitawa, suna ɗaga murya har ba a jin maganar kowa. Mai abincin ta daka musu tsawa su yi shiru, can an jima su sake ɗauka. Waɗanda suka zauna suka ƙirga sun ce an ambaci kalmar sau fiye da 130.

Ka lura da abu biyu a nan. Abin da ba ka so an cusa shi cikin komai, ba ka da zaɓi. Sannan ana maimaita shi da ƙarfi har ya danne hirar da ta kawo ka. Wannan shi ne ma'anar da ta tsallaka zuwa kwamfuta.

Sarkin_Zolaya:
Wato irin mai maganin basir da ke kafa lasifika a bakin tasha, kana waya da mutum ba ka jin abin da yake cewa.

Tsohon_Injiniya:
Ƙanena ka gama magana. Shi ne ainihinsa.

Bala_MaiKafe:
Ranka ya daɗe labarin ya yi daɗi, amma daɗin labari ba hujja ba ne. Wasan 1970 ne. Mu nan sai wajen 2000 muka fara ganin imel a kafe, su ma Turawan ba su rungume shi sosai ba sai bayan 1990. Shekara ashirin kenan a tsakani. Wa ya ajiye kalmar duk tsawon wannan lokaci? Ni dai ina ganin mutane ne suka ga kalma iri ɗaya a wuri biyu suka ɗaura musu aure.

Tsohon_Injiniya:
Tambaya mai kyau, Malam Bala. Ba a imel kalmar ta fara sauka ba, nan ne mutane ke kuskure.

A shekarun 1980 ɗaliban jami'a da masu harkar kwamfuta a Amurka da Ingila suna da wuraren hira da wasanni na rubutu zalla, babu hoto babu murya, irin waɗanda ake kira MUD. Kuma mutanen nan mayun Monty Python ne, sun haddace wasannin kamar karatun allo. Allon kwamfutar lokacin layi kaɗan yake ɗauka, layin waya kuma a hankali yake tafiya. In wani ɗan iska yana son ya ɓata wa mutane hira, sai ya yi ta aiko kalma ɗaya ɗaruruwan sau, sau da yawa ma kalmar spam ɗin ce kanta yana kwaikwayon waƙar, har maganar kowa ta gudu sama ta ɓace. Sai aka fara cewa wane yana "spamming". Ka ga a nan babu talla, babu kuɗi, babu damfara. Cika wuri da surutu ne kawai.

Daga nan ta shiga Usenet, wato dubban zaurukan muhawara irin wannan namu, kowane da maudu'insa. Ranar 31 ga Maris 1993 wani mai suna Richard Depew yana gwada wata manhaja da ya rubuta don share saƙonnin da ba su dace ba, sai ta kuɓuce masa, ta yi ta maimaita saƙo kusan 200 a zaure ɗaya. Mai maganin shara ya zama mai zubar da ita. A martanin da aka yi masa ne wani Joel Furr ya kira abin spam, kuma rubutun yana nan a ajiye. Brad Templeton, wanda yana cikin harkar tun farkonta, ya bi diddigin kalmar ya tattara tsofaffin saƙonnin. Ba ɗaurin aure ba ne, akwai sawu.

Dan_Zangon_Kumasi:
Baba Injiniya, ni abin da na karanta shi ne wasu lauyoyi ne suka fara, a kan cacar bizar Amurka. Ko ba haka ba?

Tsohon_Injiniya:
Su ne suka sa kalmar ta fita daga hannun 'yan kwamfuta ta shiga jarida. Laurence Canter da matarsa Martha Siegel, lauyoyi a Phoenix ta jihar Arizona. Ranar 12 ga Afrilu 1994 suka aika tallar cewa za su cike wa mutane takardar neman katin zama a Amurka, zuwa zauruka sama da 5,000 a lokaci guda. Zauren masu kiwon kifi, zauren lissafi, zauren girki, kowa ya buɗe ya tarar da ita. Alhali a lokacin shiga cacar kyauta ne. Mutane suka fusata suka yi ta mayar musu da zagi har na'urorin kamfanin da ke ba su intanet suka durƙushe, aka rufe musu asusu. Ko a jikinsu. Har littafi suka rubuta suna koya wa mutane yadda za su yi irin haka su samu kuɗi. Da masu talla suka koma imel a shekarun da suka biyo, sunan ya bi su can.

Dan_Zangon_Kumasi:
Lallai. Har yau sana'ar nan tana ci a nan Kumasi, lokacin cikewa ya zo za ka ga an kafa tebur da kwamfuta a bakin titi ana karɓar kuɗi. Ku dai 'yan Najeriya an cire ku tun 2013.

Gaskiya_Daci:
Ku daina wahalar da kanku da tarihin Turawa. Duniya ta san su wa suka cika akwatunan mutane da wasiƙun "ni ɗan marigayi wane ne, ina da dala miliyan kaza". Mu ne. In ana maganar spam a faɗi gaskiya, Najeriya ce uwa.

Barista_Kd:
Gaskiya_Daci, ka haɗa abu biyu, kuma shi ne abin da UmmuHanifa ta faɗa tun farko. Damfara daban, spam daban. Spam yana nufin yadda aka aiko saƙo: da yawa, iri ɗaya, ga mutanen da ba su nema ba. Abin da ke ciki zai iya zama gaskiya tsantsa, mai sayar da takalmi na gaske da takalmi na gaske. Damfara kuwa niyyar cuta ce, ko da mutum ɗaya aka aika wa. Wasiƙar 419 ta haɗa duka biyun, shi ya sa suke rikicewa a kanmu.

Kuma ko damfarar ba mu muka ƙago ba. Tun ƙarni na 19 ake aika wa mutane wasiƙa a Turai da Amurka cewa wani attajiri yana tsare a kurkukun Sifen, a taimaka da ɗan kuɗi a fito da shi a raba dukiya. Namu sun gaje ta ne, suka yi ta ta gidan waya da na'urar faks a shekarun 1980, kafin imel ya zo ya sauƙaƙa musu. Ban ce ba mu yi suna ba, mun yi, kuma mummuna.

Ƙarin bayani ga masu sha'awa: lambar 419 sashe ne na kundin laifuffuka da ake aiki da shi a Kudu. Mu a Arewa kundinmu Penal Code ne, kuma zamba tana sashe na 320 zuwa sama. Da da namu aka yi suna, da 'yan 320 ake cewa.

UmmuHanifa:
Barista Allah ya ƙara ilimi. Yau dai na rabu da sifam da sikam.

Gaskiya_Daci:
Na ji, amma je ka tambayi Bature abin da ya fara zuwa masa a rai in an ce spam. Ba zai ce maka naman gwangwani ba.

Alhaji_Tsohon_Akawu:
Yara, ku bar tsoho ya ce wani abu. Injiniya ya ba da tarihin sunan, amma aikin ya girmi sunan. A watan Mayu na 1978 wani ma'aikacin talla na kamfanin kwamfuta DEC, Gary Thuerk, ya aika gayyata zuwa kusan mutum 400 a ARPANET, kakar intanet, cewa su zo su ga sabuwar kwamfutarsu a Kalifoniya. Daga littafin adireshi da aka buga aka kwafo sunayen ɗaya bayan ɗaya da hannu, suka yi yawa har suka cika gurbin adireshi suka malalo cikin jikin wasiƙar. Hanyar kuwa ta ma'aikatar tsaron Amurka ce, ba a yarda da kasuwanci a kanta ba, sai da hukuma ta ja wa kamfanin kunne. Amma ba wanda ya kira shi spam a lokacin, sai daga baya aka waiwaya aka laƙaba masa.

Kafin wannan ma, a 1864, wasu masu gyaran haƙori a Landan sun buga wa manyan 'yan siyasa tangaraho da yamma. Mutum ya ga ɗan aike da tangaraho gabansa ya faɗi, ya buɗe ya tarar ana sanar da shi lokutan buɗe shagon cire haƙori. Duk hanyar da aka buɗe don isar da saƙo, mai talla na biye.

Ni abin da ke ba ni dariya a imel shi ne "cc". Jikokina suna dannawa ba su san takardar kabon ake nufi ba, baƙar takardar nan da muke sakawa tsakanin farare biyu a tafireta. Na yi shekara talatin hannuna na baƙi da ita.

Malamin_Turanci:
Allah ya ƙara wa Alhaji lafiya. Ita kanta "mail" ɗin asalinta jaka ce, daga tsohon Faransanci, jakar da ɗan aike ke zuba wasiƙu. Tamu "wasiƙa" kuma daga Larabci muka aro. Kowa da bashin da ke kansa.

Dan_Maradi:
Tunda an taɓo Faransanci bari mu na Nijar mu shigo. Mutanen Kebek na Kanada ba sa son aron Turancin Ingilishi, sai suka ƙera "courriel" don imel, sannan suka ƙera "pourriel" don spam, suka haɗa da "poubelle", kwandon shara. Shi kuma poubelle sunan mutum ne, Eugène Poubelle, wani babban jami'in birnin Paris da ya tilasta wa masu gidaje ajiye kwandon shara a shekarun 1880. Bawan Allah ya yi aikin kirki, sakamakonsa sunansa ya zama bola. Amma in faɗa muku gaskiya, a Maraɗi ko Yamai ban taɓa jin wani ya ce pourriel a baki ba. Spam muke cewa kamar kowa.

Yar_Gidan_Liman:
To mu me za mu ce da Hausa? Ni tunda na ji na alade ne bakina ya yi nauyi.

Sarkin_Zolaya:
Gayyar soɗi. Ba a gayyace shi ba, ya zo, kuma ya fi kowa cin abinci.

Malamin_Turanci:
Ta yi daɗi amma ba ta cika ba. Ɗan gayyar soɗi ai wani ya bi, wanda aka gayyata. Kuma mutum ɗaya ne. Ina yawan? Ina maimaicin? Na ga masu fassara suna sa "saƙonnin banza" ko "tarkacen saƙo". Tarkace ya fi kusa a ganina, don yana ɗauke da yawa da rashin amfani.

Dan_Maradi:
Saƙon shara.

Bala_MaiKafe:
Duk wanda kuka zaɓa ba wanda zai faɗa. Mun ce na'ura mai ƙwaƙwalwa shekara nawa, yaro na cewa kwamfuta. Sifam ɗin nan ta riga ta zauna.

Hajiya_Mai_Atamfa:
Ni tambayata dabam ce. Saƙonnin da ake turo mana a WhatsApp, "tura wa mutum goma za ka ji labari mai daɗi kafin magariba, in ka ƙi kaza zai same ka", su ma spam ne? Don ni sun fi damuna a kan na imel. Ƙanwar mahaifiyata kullum sai ta turo, kuma ba dama in yi magana.

Alhaji_Tsohon_Akawu:
Hajiya wannan ai tsohon abu ne da sabuwar riga. Muna samari ana raba wata takarda a ƙofar masallaci, wai wasiyyar wani Shehu Ahmadu mai hidimar masallacin Manzon Allah (SAW) a Madina, wai ya yi mafarki, duk wanda ya kwafa ya raba zai yi arziki, wanda ya ƙi zai ga musiba. Malamai sun yi ta bayani cewa ƙarya ce, Shaihu Bin Baz ma ya yi rubutu musamman a kanta. Da hannu ake kwafa, aka koma fotokwafi, yau ga ta a waya. Masu shagon fotokwafi dai sun ci kasuwa.

Barista_Kd:
A ma'anar da Injiniya ya kawo, ta cika zaure da abu ɗaya har a kasa hira, eh spam ne. A ma'anar doka kuwa a'a. Dokar Amurka ta 2003, wadda suka sa wa suna CAN-SPAM, saƙon kasuwanci ta kama, kuma ba ta ma hana aikawa ba, cewa ta yi kada a yi ƙarya a kan wanda ya aiko, a kuma ba mutum hanyar cewa a daina. Gwaggon Hajiya ba ta sayar da komai. Shi WhatsApp da kansa ya gaji, a 2019 ya taƙaita turawa zuwa wuri biyar a lokaci guda.

Tsohon_Injiniya:
A nan ni da Barista za mu ɗan saɓa. Ma'anar farko ita ce ta surutu, talla daga baya ta shigo ta mamaye sunan. Wanda ya turo hoton barka da Juma'a sau bakwai a zauren da ake maganar kuɗin makarantar yara ya fi kusa da mayaƙan nan masu waƙa a kan ɗan kasuwar da ya aiko imel ɗaya.

Hajiya_Mai_Atamfa:
Baba Injiniya kar ka ja min, gwaggona tana iya ganin wannan.

Matashi_Mai_Neman_Aiki:
Ku kuna dariya, ni abin nan ya taɓa cutata ta ɗaya gefen. Na nemi aiki a wani kamfani, na yi wata guda ina duba imel safe da yamma, shiru. Ranar da na leƙa akwatin spam don neman wani abu dabam sai ga gayyatar ganawa, kwana tara da wucewar ranar. Tana kwance tsakanin tallar agogo da wani wai na ci kyautar mota. Na kira, suka ce sun riga sun ɗauka. Wa ke yanke hukuncin abin da zai shiga can ne?

Tsohon_Injiniya:
Allah ya musanya maka da mafi alheri, ɗana. Ba mutum ba ne, lissafi ne. A 2002 wani mai suna Paul Graham ya yaɗa dabarar koya wa manhaja da misalai: a ba ta tulin saƙonnin banza da tulin na kirki, ta ƙirga kalmomin da suka fi fitowa a kowane ɓangare, in sabo ya zo ta auna ta ga inda ya fi karkata. Tushen lissafin na wani limamin coci ne na Ingila, Thomas Bayes, da ya rasu tun 1761. Na yanzu sun wuce haka nesa, suna duba daga ina saƙon ya taso, ko adireshin na jabu ne, mutum nawa suka yi ƙorafi a kansa. Kamfanin da ya aika wa mutum ɗari gayyata iri ɗaya a minti ɗaya, daga adireshin da ba a saita shi daidai ba, a idon manhaja bai da maraba da mai tallar agogo. Ka riƙa leƙawa duk bayan kwana biyu, in ka ga na kirki ka danna cewa ba spam ba ne, tana koyo.

Hajiya Yar_Gidan_Liman kuma ki toshe kunne: masu wannan aiki suna kiran saƙon kirki "ham". Shi ma cinyar alade ce.

Yar_Gidan_Liman:
Shi ke nan. Ba gaba ba baya. Na koma rubuta wasiƙa a ba direban mota.

Sarkin_Zolaya:
Bill Gates fa ya ce a taron tattalin arzikin duniya na Davos a 2004 nan da shekara biyu an gama da spam. Muna nan muna jira, kamar wutar NEPA.

UmmuHanifa:
Su masu naman ba su kai ƙara ba? Ni a ce sunan kayana ya zama sunan shara a duk duniya ai sai inda ƙarfina ya ƙare.

Barista_Kd:
Sun gwada a kan masu sa kalmar cikin sunan kasuwancinsu. Sun ja da wani kamfanin tace imel mai suna Spam Arrest, aka yanke a 2007 ba su yi nasara ba. A kan amfanin yau da kullum kuwa sun haƙura tuntuni, roƙonsu kawai a rubuta nasu da manyan baƙaƙe, SPAM, na imel da ƙanana. Tun 1998 ƙamus ɗin Oxford ya shigar da sabuwar ma'anar. Kuma kasuwarsu ba ta mutu ba, a Hawai da Koriya ta Kudu abinci ne mai daraja, a Koriya har kwalinsa ake kai wa surukai lokacin biki. Suna da gidan tarihi guda na naman a Austin.

Bala_MaiKafe:
To na sauko, amma rabi. Na yarda ba abin da aka rubuta mana a allo ba ne. Sai dai ku amsa min wannan: shi naman, daga ina ya samo nasa sunan? S-P-A-M ba kalmar Turanci ba ce kafin 1937.

Malamin_Turanci:
Gasa aka sa ta raɗa suna, wani Ken Daigneau, ɗan'uwan ɗaya daga cikin manyan kamfanin, ya ci dala 100. Bayanin da ya fi yaɗuwa shi ne an gutsuro farkon "spiced" da ƙarshen "ham" aka haɗa, wato naman da aka sa wa kayan yaji. Kamfanin dai ya fi son ya bar mutane suna hasashe, talla ce ta kyauta.

Bala_MaiKafe:
Ahaf! Ashe dai taƙaitawa ce! Dan_Fagge, maƙwabcinka bai faɗi ba.

Malamin_Turanci:
A'a Malam Bala, kar ka murɗe. Shi ya ce kowane harafi kalma ce, kuma a kan imel. Wannan haɗa gutsure biyu ne, kuma a kan nama.

Dan_Fagge82:
Jama'a na gode ƙwarai, musamman Baba Injiniya da Alhaji. Na kai masa wayar da yamma ya karanta tun daga sama har ƙasa. Ya yi shiru, na ce alhamdulillahi. Sai ya kai kan maganar Malam Bala ta ƙarshe, ya miƙe tsaye yana cewa ai ga shi nan, taƙaitawa ce, shi bai taɓa cewa ta imel ko ta nama ba. Wallahi ya faɗa, mutum bakwai sun ji. Yanzu teburin ya rabu biyu, mai shayin kuma ya ce shi ba ruwansa, ranar Juma'a zai soya ƙwai goma sha takwas, mu san yadda za mu yi.

Malam Bala, kai ka ɓata min shari'a. Turo lambar asusunka in turo maka rabin lissafin.

Bala_MaiKafe:
Turo ta imel. Na san akwatin da za ta faɗa.